Musayar Naira da Yuan: Me Ya Sa Dala Ba Ta Saki Kayan Chaina Ba?

[Hoto: saƙon WhatsApp a fuskar waya]

Sau huɗu aka turo mini wannan saƙon cikin mako guda. Na ƙarshe daga wani kawuna ya zo, har ya haɗa da saƙon murya: "Ɗana, kai da ka yi boko, da gaske ne dala ta mutu?" Abin da saƙon ke cewa shi ne, Najeriya da Sin sun sa hannu a yarjejeniyar musayar kuɗi, daga yanzu da naira za a riƙa saro kaya a Guangzhou, waya za ta yi araha, atamfa za ta sauko, 'yan canjin Wapa kuwa su fara neman wata sana'ar.

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, dala tana nan da ranta, ko mura ba ta yi. Amma mai saƙon bai ƙirƙiri labarin daga iska ba. Yarjejeniyar akwai ta, kuma ta daɗe.

[Hoto: ginin Babban Bankin Najeriya a Abuja, sai tsofaffin hotunan Beijing]

Bari mu bi tarihin da gudu. A 2011, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, aka sanar da cewa za a ajiye wani kaso na asusun kuɗaɗen wajen Najeriya a yuan, wato kuɗin Sin. A watan Afrilun 2016 Shugaba Buhari ya je Beijing, maganar musayar kuɗi ta cika gari. Ba a sa hannu ba sai Afrilun 2018: yuan biliyan 15 a gefe guda, naira biliyan 720 a ɗaya gefen, wa'adin shekara uku. An sabunta a 2021. An kuma sabunta a Disambar 2024, yuan biliyan 15 dai, amma a wannan karon naira tiriliyan 3.28.

Biliyan 720. Tiriliyan 3.28. Ku ajiye mini lambobin nan biyu a aljihu, zan karɓe su anjima.

[Hoto: buhuna biyu, na shinkafa da na gero]

Inda ake yin tuntuɓe shi ne kalmar musaya. Mu a kasuwa, idan aka yi musaya an gama, kowa ya kama gabansa da abin da ya karɓa. Ta manyan bankuna ba haka take ba. Tana da ranar mayarwa.

A ce kana da maƙwabci manomin shinkafa, kai kuma gero kake nomawa. Kuka zauna kuka ce, duk ranar da ɗayanku ya matsu, zai iya ɗaukar buhu har goma a rumbun ɗan'uwansa, ya ajiye masa nasa hatsin daidai ƙimarsa. In lokaci ya cika, ka mayar masa da shinkafarsa, ya dawo maka da geronka, da ɗan abin da aka yanka a kai. Lura da abu biyu. Na farko, ranar da kuka ƙulla maganar ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Iyaka kawai aka sa, cewa kada a wuce buhu goma. Haka yuan biliyan 15 ɗin nan yake, ba jirgi ne ya sauka a Abuja da kuɗi a akwatuna ba, iyakar abin da za a iya ɗiba ne.

Na biyu kuma shi ne zuciyar bidiyon nan. Kai gidanka kullum shinkafa ake dafawa, yara sun saba, ka ɗebi buhu goman nan kun cinye. Shi kuwa maƙwabcin, gidansa ba a shan fura, ba a tuƙa tuwon gero. Geronka yana can a jingine a kusurwa, ko bakin buhun ba a kwance ba. Ranar mayarwa ta zo. Ya turo maka geronka cif-cif. Kai ina shinkafarsa?

Ba ka noma ta. Wadda ka karɓa ta shige ciki. Hanya biyu ta rage: ko dai ka sayar wa maƙwabcin wani abu da yake so har ya biya ka da shinkafa, ko ka je kasuwa ka sayo da kuɗi.

Shinkafar ita ce yuan, geron naira. Kuɗin da za ka ɗauka zuwa kasuwa kuma, kun riga kun gane shi.

[Hoto: kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta Apapa]

To me ya sa maƙwabcin ba ya taɓa geron? Tambayi kanka wa ke neman naira a Sin. Mai masana'antar takalma a Guangzhou da yuan yake biyan ma'aikata, da yuan yake biyan wuta da haraji. Naira ba ta saya masa ko kwanon taliya. Wanda zai nemi naira shi ne wanda zai sayi kaya a Najeriya, ko kamfanin da ke aiki a nan yana biyan leburori da sayen siminti. Akwai su, amma a auna su da masu neman yuan a wajenmu.

A 2023 cinikin ƙasashen biyu ya haura dala biliyan 20 a lissafin hukumar kwastan ta Sin. Kusan dukkansa kaya ne masu tahowa: waya, injina, yadi, babura, fale-falen sola, har da tsintsiyar roba. Abin da mu muka tura musu bai kai ko kwatan abin da suka turo mana ba. Ɗan abin da muke turawar ma, kaso mai tsoka mai ne da gas da ma'adinai, waɗanda kasuwar duniya ke yanka wa farashi da dala.

Yanzu a ɗora yuan biliyan 15 a kan wannan sikeli. A canjin ƙarshen 2024, dala biliyan 2 ne da 'yan kai. Wato da za a kwashe shi gaba ɗaya, kayan wata guda da 'yan kwanaki zai sauke. Sauran watannin shekara fa? Shi ya sa Wapa ba ta rufe ba.

[Rubutu a allo: 720 ÷ 15, sai 3,280 ÷ 15]

Ku ba ni lambobina. Raba naira biliyan 720 gida 15, yuan ɗaya ya kama naira 48. Wannan 2018 ke nan. Raba tiriliyan 3.28 gida 15, yuan ɗaya ya kai wajen naira 219. Yuan ɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma nairar da ake tara masa ta ninka fiye da sau huɗu.

Daga ina 48 ɗin ta fito tun farko? A lokacin, dala ɗaya a farashin gwamnati naira 305 ce, a Sin kuma yuan 6 da ɗan ɗori. Raba wannan da wancan, ga 48. Ko a takardar da ake cewa ta kori dala, da mudun dala aka auna. Har yau haka ɗan canji yake yi: ka tambaye shi kuɗin RMB, wato yuan, sai ya fara duba nawa dala ta kwana, sannan ya danna kalkuleta. Naira ta faɗi a gaban dala da safe, kafin azahar ta faɗi a gaban yuan. Saboda haka wanda ke jiran waya ta yi araha don an canja sunan kuɗin da aka biya, zai daɗe a tsaye.

[Hoto: Kantin Kwari, 'yan dako da dilolin yadi]

Sai batun wanda zai iya taɓa kuɗin. A watan Yulin 2018 Babban Banki ya fara gwanjon yuan duk bayan mako biyu, ta hannun bankuna. Sharuɗɗan a lokacin su ne ka buɗe Fom M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, ka samu takardar lamunin banki, kuma mai sayar maka da kaya a Sin ya rubuto farashinsa da yuan. Kayayyaki 41 ɗin nan da aka hana wa canjin gwamnati daga 2015 zuwa 2023, su ma ba su shiga ba a lokacin, kuma yadi yana cikinsu. Ku dubi kasuwar da ke kan allonku, ku sake jin abin da na faɗa.

Alhajin da ke sauke rabin kwantena, ko matashin da ke odar caja da gilashin waya zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, yawancinsu ba ta wannan ƙofar suke bi ba. Ejan suke da shi. Ka tura naira a asusun banki a nan gida, cikin 'yan mintuna mai kaya a birnin Yiwu na Sin ya ga yuan ya shigo masa ta manhajar Alipay ko WeChat. Nan ne mutane ke rantsuwa cewa ai da naira suka saro kaya, dala ba ta shiga ba. A idonka ba ta shiga ba. Amma ejan ɗin ya tara naira a Kano, yuan kuma yana ƙare masa a Guangzhou, dole ya cike ramin. Da me? Da dala, ko da USDT, wanda shi ma dala ce ta sa rigar intanet.

[Taswirar duniya, kibiyoyi daga nahiya zuwa nahiya]

Hotunan da nake da su a nan kaɗan ne, don haka mu yi sauri.

Ba mu kaɗai gero ya taɓa zame wa kaya ba. Bayan 2022 Indiya ta riƙa sayen man Rasha da yawa, aka gwada biya da rupi. A watan Mayun 2023, a Goa, ministan harkokin wajen Rasha Sergei Lavrov da bakinsa ya ce suna da biliyoyin rupi jibge a bankunan Indiya, kuma wannan matsala ce. Sun sayar da yawa, abin da za su saya a can bai kai ba.

Brazil kuwa labarinta daban. Tun 2009 Sin ce babbar abokiyar cinikinta, kuma abin da take sayar mata, waken suya da tama da ɗanyen mai da nama, ya fi abin da take sayowa. Da ƙasashen biyu suka amince a 2023 su riƙa ciniki da kuɗaɗensu, Brazil tana da hanyar da yuan zai shigo hannunta ta ciniki, ba sai ta ara ba.

Ajantina ta nuna wani amfanin daban. A watan Yunin 2023, da dala ta yanke mata, da yuan na irin wannan musayar ta biya wani ɓangare na bashin IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ta sha iska, amma bashi ne aka biya da bashi.

Ga kuma maƙwabtanmu. A watan Afrilun 2024 Nijar ta karɓi kuɗi a gaba daga kamfanin mai na CNPC na Sin, za ta biya da ɗanyen man Agadem da ke bin bututu zuwa gabar tekun Benin. Kamfanin Sin, man Nijar, ƙasar da ke kashe sefa. Da wane kuɗi aka rubuta adadin? Dala miliyan 400.

Af, kafin a tambaye ni a ƙasan bidiyo: takardar kuɗin ƙungiyar BRICS (ta su Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu) ɗin nan mai tutoci da aka gani a hannun Putin a taron Kazan na Oktoban 2024, ta ado ce. Ko ƙosai ba ta saye. Najeriya kuma ƙasar ƙawance ta zama a Janairun 2025, ba cikakkiyar mamba ba.

[Hoto: masana'anta, ana sauke sabon inji]

Kada a ce na yi wa yarjejeniyar rashin adalci. Tana da amfani, kuma ni ina ganin gara da ita da babu. Mai masana'antar da zai sayo inji daga Sin, a da sai ya canja naira zuwa dala, kuɗin su ratsa ta wani banki a Amurka, sannan su koma yuan. Kowane tsani da ladarsa, kowane tsani da jinkirinsa. In ya samu yuan kai tsaye, ya tsallake canji ɗaya, kuma ya fita daga layin masu neman dala, layin ya ragu da mutum ɗaya. A shekarar da dala ta yi wuya kamar ruwa a bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake ƙi shi ne yadda duk lokacin da aka sabunta ta sai a buga ganga kamar an gano rijiyar mai a tsakar gida.

[Hoto: kasuwar Dawanau, mata suna tankaɗe riɗi, ana ɗinke buhuna]

In kana son ganin inda yuan na halak malak zai fito, wanda ba sai an mayar ba, nan ne. Sin ce ta fi kowace ƙasa sayen riɗi a duniya, Nijar tana cikin manyan masu kai mata, namu na Jigawa da Nasarawa da Binuwai ma yana tafiya. Daga wannan kasuwar zoɓo ke ficewa har Meziko. A watan Yunin 2025, a birnin Changsha, Sin ta ce za ta cire harajin shigar da kaya ga ƙasashen Afirka 53 da take hulɗar jakadanci da su. Ƙofar haraji ke nan. Akwai ta tantance inganci, akwai kuɗin mota daga Kano zuwa Legas, akwai shingayen hanya da kowane direban tirela zai iya lissafa maka da ka.

Ku matso da kyamarar kan takardar da ke hannun dillalin can. Riɗin Jigawa ne, mai saye yana Qingdao, an rubuta kuɗin kowane tan. Ku duba alamar da ke gaban lambar.

[Hoto ya tsaya a kan alamar dala]

Duk wannan bayanin na yi wa kawu ta waya, kusan rabin awa, har da shinkafa da gero. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu wayar da nake son saya wa Hajiya, in jira ko in saya?"

Na ce, Kawu, nawa dala ta kwana?