Wa zai biya kuɗin kula da tsofaffi?

Jama'a masu sauraro, a zagayen farko na annobar korona a 2020, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe a Kanada mazauna gidajen kula da tsofaffi ne. Shugabanni a ƙasashe da dama sun yi ta rantse-rantse cewa za a gyara. An daɗe ana gafara sa, har yau ba mu ga ƙaho ba.

Ku dubi Ingila. Tun 2011 kwamitin Dilnot, wanda gwamnati ta kafa don duba kuɗin kula da tsofaffi, ya ba da shawarar a ƙayyade iyakar abin da mutum zai kashe daga aljihunsa. A Satumban 2021 gwamnatin Boris Johnson ta sa iyakar a fam 86,000, ta ƙara harajin kashi 1.25 cikin 100. Kafin ƙarshen 2022 an soke harajin, an ɗage iyakar zuwa Oktoban 2025, sannan a Yulin 2024 aka yi watsi da ita ɗungurungum. Yau duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, sau da yawa har sai an sayar da gidansa. Haba!

Matsalar ɗaya ce: babu asusu na musamman da doka ta killace. Duk kuɗin da aka bari cikin kasafin shekara-shekara, asibiti da tsaro za su riga tsoho kai hannu.

Jamus ta kafa nata asusun a 1995, ana cire wani kaso daga albashi, ma'aikaci da mai ɗaukar aiki suna raba nauyin, marasa 'ya'ya na ƙara kaɗan a kai. Japan ta bi sahu a 2000: kowa na fara zubi daga shekara 40, rabin kuɗin daga zubin, rabi daga haraji. Ana auna buƙatar tsoho a sa shi ɗaya daga matakai bakwai, yawanci ya biya kashi 10 cikin 100, kuma duk shekara uku ana sake lissafi. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. A Jamus asusun na ɗaukar wani ɓangare ne kawai, saura yana ta hauhawa a kan iyali. Ko matasan da ke raguwa za su iya ci gaba da ɗaukar wannan kaya? Tambaya ce mai nauyi. Amma akwai asusu, akwai abin gyarawa.

Kuma kuɗin nan mutane ake biya da su. Tsohon da ke kwance sai an juya shi kusan duk awa biyu, in ba haka ba kwankwaso da dugadugai su yi gyambo. Sai an wanke shi, an ba shi abinci cokali-cokali kada ya shaƙe. Idan albashi bai kai ba, ma'aikaciya ɗaya sai ta yi aiki a gidaje biyu ko uku, ba hutun rashin lafiya mai albashi, ta zo da tarinta. Ta haka korona ta riƙa tsallakawa daga wannan gidan kula da tsofaffi zuwa wancan.

Wasu za su ce ai dangi na nan. Waɗanne dangi? Ku faɗi gaskiya: 'ya mace ake nufi, wadda za ta ajiye aikinta, ta rasa fansho, gobe ita ma ta tsufa ba ko sisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kashi biyu cikin uku a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici.

Saboda haka a kafa asusun da doka, a fara zubi tun mutum na da ƙarfinsa, a rubuta mafi ƙarancin albashin mai kula da yawan tsofaffin da zai riƙe a cikin dokar, kuma a hana ministan kuɗi taɓa shi ranar da kasafi ya yi giɓi.