Da gaske kilishi ɗaya yake da sigari?

[Mai kilishi yana juya nama a kan wuta, Birnin Kebbi]

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin kilishi daidai yake da shan sigari, har ya sa wasu sun fara ƙauracewa mai nama. Jama'a, a dakata tukuna.

A 2015 ne cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, wadda ke Faransa, ta sanya naman da aka sarrafa, wato wanda aka zuba wa gishiri, aka kyafe ko aka busar don ya daɗe, a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji. Taba ma tana cikin wannan rukuni. To, nan ne aka yi tuntuɓe. Rukunin na nufin masana sun tabbata abin yana iya jawo ciwon, bai ce haɗarinsu ɗaya ba. Ɓarnar taba ta ninka ta nama nesa ba kusa ba.

[Ma'auni, an ɗora ɗan kilishi]

Ga abin da suka ce: wanda ke cin giram 50 na irin wannan nama kullum, haɗarin ciwon dajin babban hanji yana ƙaruwa masa da kusan kashi 18 cikin 100. Kullum fa, ba ranar salla ba. Kuma kashi 18 ɗin ƙari ne a kan haɗarin da dama yake da shi. Idan a wani gari mutum 5 cikin 100 ne kan kamu, zai koma kamar 6. Da tsadar kilishin yanzu ma, wa ke cin sa kullum?

[Mata suna surfe, dusa na tashi daga faifai]

Ni abin da ya fi damuna shi ne wannan dusar da muke bai wa awaki. Hanji yana buƙatar ta. Ita ke sa bayan gida ya wuce da sauri, kada ya daɗe yana gugar bangon hanji. Tuwon dawa, fura, wake, kwaɗon zogale da rama, duk sun fara ja baya, farar shinkafar inji da taliya da lemon kwalba sun karɓe faranti safe da dare. Shinkafarmu ta Kebbi ba laifi, amma a haɗa ta da wake da ganye mana.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon, a gurguje: ƙiba, yawan zama, giya, taba, da jan nama mai yawa, musamman wanda ya babbake a wuta.

[Ƙofar asibiti]

Ciwon yakan fara da ɗan tsiro a cikin hanji, ya yi shekaru ba a sani ba. Idan ka ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa basir ne ka nufi mai jiƙo. Je ka likita ya duba, musamman idan wani a danginku ya taɓa yin ciwon.