Dasa bishiyar turare a cikin gida: wurin da ya dace, gara, da lokacin sara

Assalamu alaikum jama'a. Bishiyar da za mu yi magana a kanta ita ce turare, wasu su ce zaiti, a kasuwannin Sudan kuma ban ko kafur za ku ji ana kiranta. Asalinta daga Ostareliya ne, inda take da iri sama da 700, amma biyu ne suka fi yawa a wajenmu, daga Wad Madani har Sinnar da Mai Wurno. Akwai kamaldulensis, doguwa mai saurin girma da santsin ɓawo, wadda kan wuce mita 25 idan ta samu ruwa. Akwai kuma mikrotika, wadda aka daɗe ana shukawa a gandayen Jazira. Ba ta kai ta farko tsayi ba, jikinta kan karkace, amma tana jure baƙar laka mai tsagewa da gishirin ƙasa da ƙishirwa. Ga mai gida a yankin laka, mikrotika ta fi sauƙin zama da ita.

Kafin maganar iri ko rami, a fara da awon fili, domin a nan yawancin mutane ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Ƙasarmu ta laka tana kumbura idan ta sha ruwa, tana tsukewa idan ta bushe. Turare kuwa mashayiya ce. Da rani saiwarta za ta bi danshi duk inda yake, ta tsotse shi daga ƙarƙashin ginin da ke kusa, ƙasar gefe ɗaya ta tsuke ta nutse, ɗaya gefen yana nan yadda yake. Abin da zai biyo baya shi ne tsaga a bango, galibi daga kusurwar taga ko ƙofa. Mutane kan ce saiwa ce ta tura bango. Sau da yawa ko taɓa shi ba ta yi ba, ƙasar da ke ɗauke da shi ta busar. Don haka a bar aƙalla mita 10 tsakaninta da ɗaki ko katanga, in kamaldulensis ce a kai 15. Haka nan ramin masai, bututun ruwa da tankin ƙasa: ko ɗigo bututu yake yi, saiwa za ta same shi ta shige ta toshe. A ɗaga kai kuma a dubi wayar lantarki. Kuma kada a manta katangar maƙwabci ma katanga ce. Idan tsakar gidanka ba ta da wannan faɗin, gaskiya ka haƙura, ka dasa lemun tsami ko zogale, turaren ka kai ta gona ko bayan gari.

Wanda ya samu wuri, hanya mafi sauƙi ita ce sayen dashe a wurin renon itatuwa na hukumar gandun daji ko na 'yan kasuwa. Kada ka zaɓi mafi tsayi. Nemi mai tsayin santimita 25 zuwa 30, mai kauri a gindi, sannan ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda leda ta kama ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki, ajiye ta. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa kan ci gaba da zagaye kanta ko bayan an dasa, bishiya ta yi kyau shekara biyu ko uku, ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso sai a tarar da ita kwance.

Mai son reno da kansa kuma, sai ya tsinko 'ya'yan bishiyar da suka fara yin ruwan ƙasa amma ba su buɗe ba, ya shanya a kan zane kwana uku zuwa biyar, ya kakkaɓe. Abin da zai zubo kamar garin barkono yake, yawancinsa ƙaiƙayi ne, ƙwayar irin tana cikinsa. Ba sai an tace ba. A gauraya da yashi mai laushi a barbaɗa a kan tire ko kwano mai huji a ƙasa, a rufe da yashi ɗan siriri wanda bai wuce milimita 2 ba. In aka binne shi da zurfi ba zai fito ba. Ruwa kuma ba a kwarara masa, sai dai a fesa, ko a tsoma gindin kwanon cikin ruwa ya tsotso daga ƙasa. A inuwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Idan kuka ga tsiron yana karyewa daidai wuyan ƙasa yana faɗuwa gungu-gungu, ruɓa ce ta kama shi saboda yawan ruwa, cunkoso da rashin iska. A rage ruwa, a rage yawansu. Da ya yi ganye huɗu sai a mayar da kowanne cikin ledarsa, da haɗin ƙasar bakin kogi kashi biyu, yashi kashi ɗaya. A riƙa gusar da ledojin duk mako biyu don kada saiwa ta kama ƙasa. Wanda ya shuka a Maris ko Afrilu zai samu dashe a Yuli. Makonni biyu na ƙarshe a riƙa fito da su rana, a ɗan rage musu ruwa, su saba.

Lokacin dasawa shi ne farkon damina, bayan ruwa ya ratsa ƙasa. Rami rabin mita faɗi, rabin mita zurfi. A laka, a farfasa gefen ramin da bakin fartanya, don in ya yi santsi ruwa zai taru a ciki saiwa ta shaƙe. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, ba a dasawa da ita. Wuyan dashen ya zo daidai da fuskar ƙasa, kada a nutsar da shi. A danne ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan kewaye, a zuba bokiti ɗaya, wajen lita 15.

Yanzu ga babban abokin gaba a shekarar farko: gara. Alamar ita ce dashe lafiyayye ya yi yaushi farat ɗaya, ganye ya bushe yana maƙale a jikinsa. Ka ja shi, ya taso ba wuya, ka ga an gwaguye ɓawon saiwar tas. A lokacin aikin gama ya gama. Gara ta fi faɗa wa dashen da ƙishirwa ta galabaitar, saboda haka ruwa a kan kari shi ne kariya ta farko. Kada a sa ɗanyen kashin dabbobi ko karan dawa a cikin rami, kiran gara ne. Taki sai wanda ya ruɓe sosai, shi ma kaɗan, don turare ba ta da kwaɗayin taki. A kwashe busassun itace da kututture daga kewayen. In za a rufe gindin da ciyawa don riƙe danshi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin bishiyar. Toka da dakakken ganyen darbejiya suna ɗan taimakawa, amma inda akwai suri a kusa ba za su isa ba, sai maganin gara daga shagon kayan noma, a bi awon da ke jikin kwalbar.

Ban ruwa: watan farko duk bayan kwana biyu ko uku idan ba a yi ruwan sama ba, daga nan sau ɗaya a mako, lita 20 ko fiye a zuba lokaci guda. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ruwa mai yawa jefi-jefi shi ke jan ta ƙasa. Bayan rani biyu yawanci ta kama kanta. Sandar tokare dashe kuma, in iska ta tilasta, a ɗaure ƙasa-ƙasa da tsumma, sako-sako, a cire kafin shekara. Awaki ba su cika son ganyen ba, amma suna karya ƙaramin dashe, don haka a yi masa shinge.

Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda ƙasa mai alli da yawan ruwa ke haddasawa. A fara rage ruwa kafin a sayi magani. Kayan lambu kuwa, kuɓewa ko tumatir ko albasa, ba sa yin kirki a ƙarƙashinta, ta fi su ƙarfin jan ruwa. A riƙa share ganyen da ya zube, yana da mai, yana saurin kama wuta, kada a kafa murhu a gindinta. Man ganyen wannan bishiya da ake sayarwa a kwalba kuma guba ne idan aka sha, ɗan kaɗan ya isa ya jefa yaro cikin haɗari, a ajiye shi nesa da hannunsu.

Turaren gida ba a barinta ta girma yadda ta ga dama. Tsohuwar kamaldulensis kan saki babban reshe ba iska ba ruwa, shi ya sa ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaure dabba a ƙarƙashinta. Maganin shi ne sara, kuma tana son sara. Idan ta kai shekara biyar zuwa takwas, gab da faɗuwar damina, a yanke ta da zarto santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, yankan ya ɗan karkata don kada ruwa ya kwanta a kai, a kuma kula kada ɓawon kututturen ya ɓare, domin daga ƙarƙashinsa sabon toho ke fitowa. Gungumen ya yi ginshiƙin rakuba, wato rumfa, rassan su yi makamashi. Kututturen zai fitar da toho da yawa. A bar su su yi kamar shekara guda, sannan a zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi, waɗanda suka fito ƙasa-ƙasa kuma ta ɓangaren da iska ke bugowa, a cire sauran. Waɗanda suka fito a can saman bakin yankan ba su da riƙo sosai, su ne iska ke fara ɓallewa.