Amsoshin Tambayoyinku: Rigimar Ware wa Mata Lokacinsu a Wuraren Kasuwanci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardu uku ne a gabana yau, kuma kamar masu su sun haɗa baki, don duk wuri ɗaya suka dosa.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce ma'aikaciyar jinya a Maraɗi. Ta ce: "Ƙanwata da ke karatu a Amurka ta ce min an taɓa maka masu gidan motsa jiki a kotu don sun ware wa mata wurinsu. Da gaske ne? In haka ne, mene ne laifin mai kasuwa in ya ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza mata kaɗai za su shigo?"

To 'yar'uwa, ƙanwar taki ba ta ƙara gishiri ba. An yi, kuma ba sau ɗaya ba. Babbar dokar kare haƙƙin jama'a ta tarayyar Amurka, ta 1964, ta hana otal-otal da gidajen abinci korar mutum saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalin ƙasarsa, amma a wannan sashen ba ta ambaci mace ko namiji ba. Jihohi ne suka cike giɓin, kowace da tata dokar. Shi ya sa abin da ya halatta a wannan jiha sai ki ga ya haramta a maƙwabciyarta.

A jihar Kalifoniya akwai dokar Unruh ta 1959, wadda ta hana wuraren kasuwanci nuna wa mutane bambanci. A 1985 kotun ƙolin jihar ta saurari ƙarar wani mutum da ya ga ana yi wa mata rangwame a wuraren wankin mota a wata rana ta musamman, ya nemi a yi masa, aka hana shi. Kotu ta ce farashi ɗaya ne ga kowa. A birnin Boston na jihar Masachusets kuwa, wani lauya ne ya kai ƙarar gidan motsa jiki na mata zalla mai suna Healthworks, ya yi nasara a 1997. Mata suka yi ca, sai majalisar jihar Masachusets ta gyara doka a 1998, ta halatta irin waɗannan gidaje. A Konetikat kuma akasin haka aka samu. A Janairun 2022 kotun ƙolin jihar ta ce ɗakin atisayen da wasu gidajen motsa jiki biyu suka keɓe wa mata ya saɓa doka, domin abin da dokar ta yarda a raba shi ne banɗaki da ɗakin canza kaya da wurin kwana. Alƙalan suka ce in ana son ƙari, majalisa ce za ta rubuta, ba su ba.

Takarda ta biyu daga wani bawan Allah ce ɗan tireda a Zangon Kumasi, kuma da alama ransa a ɓace ya rubuto. Ya ce: "Ni dai ina ganin son kai ne. Da maza ne suka ce yau ba mace, da duniya ta ɗauka."

Malam, maganarka ba ta faɗi ƙasa banza ba, don ita ce hujjar masu ƙarar nan. Har ma akwai masu fafutukar haƙƙin mata da ke tare da kai, sai dai dalilinsu daban. Suna tuna cewa da wannan dokar ta Unruh ce aka buɗe wa mata ƙofar Rotary, ƙungiyar 'yan kasuwa da ƙwararru da a da maza kaɗai ke shiga, lokacin da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987. Tsoronsu shi ne, in aka huda dokar don mata yau, gobe ta wannan hudar maza za su bi su sake rufe wuraren da ake ƙulla ciniki da neman muƙami. Wasu kuma cewa suke yi, mai kasuwar da ya ware wa mata awa biyu ya samu hanyar zillewa ne kawai. Maimakon ya kori namijin da ke ƙura wa mace ido ko yana ɗaukar hotonta a waya, sai ya tura ta wani lokaci, sauran awannin kuma mai halin ya ci gaba da cin karensa ba babbaka.

Amma ka saurari ɗaya ɓangaren. A 2008 jami'ar Harvard ta ware awa 6 a mako a ɗaya daga cikin gidajen motsa jikinta, bayan wasu ɗalibai mata Musulmi sun roƙa. Awa 6 kacal, a gida ɗaya, amma surutun ya karaɗe jaridu da talabijin. A 2016 aka sake irinta a birnin New York, kan wani wurin ninƙaya na gwamnati a unguwar Williamsburg, inda matan Yahudawa masu riƙon addini suka daɗe da lokacinsu. Daga ƙarshe an bar musu, amma an rage awannin. Waɗannan matan ba cewa suke yi sun fi son ranar mata ba. In babu ita, ba za su shiga ruwan ba sam. Namijin da aka ce ya dawo da la'asar ya yi asarar safiya, ita kuwa asarar wurin take yi ɗungurungum.

Ni a nawa ganin, Malam, Birtaniya ta fi kama bakin zaren. Dokar daidaito ta 2010 ta yarda a keɓe hidima ga jinsi ɗaya, mata ko maza, muddin akwai dalili na gaskiya kuma keɓewar ba ta wuce gona da iri ba. Kenan sai an tambaya: don me aka ware, kuma shi wanda aka hana, yana da wani lokacin mai kyau daidai da kuɗin da ya biya? Wurin ninƙaya da ɗakin atisaye, inda sutura ke raguwa, amsar a fili take. Rangwamen wankin mota kuwa dabarar jawo ciniki ce, ba ruwanta da kunya ko tsaro, kuma ban ga abin da zai sa a sa su a kwando ɗaya ba. In maza ma suka nemi awanninsu a wurin ninƙaya saboda kunya ko addini, ma'aunin nan ɗaya ne, sai a ba su.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Kano: "Wai da gaske a Japan akwai taragon jirgin ƙasa na mata zalla?"

Akwai, ɗan'uwa. Kamfanin Keio na Tokyo ya fara da jiragen dare a farkon shekarun 2000, zuwa 2005 kuma layuka da dama sun bi sahu, galibi a lokacin cunkoson safe. Dalili shi ne masu lalube mata a cikin matsi. Ba doka ce mai hukunci ba, roƙon haɗin kai ne, kuma ana barin ƙananan yara maza da masu naƙasa su shiga. Kai ma ba sai ka je nesa ba. Keken nan da kuke kira A Daidaita Sahu, don mata aka shigo da shi Kano a 2005, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da ake ƙoƙarin raba mata da hawa acaɓa. Yau leƙa titin Zoo Road ka ga su waye a ciki.

Agogo ya ce mu dakata nan. Sauran takardun sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.