Jawabin Maraba Daga Mutanen Tsibirin Gore na Ƙasar Senegal

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, 'yan tawagarsa, limamanmu, dattawa, iyaye mata da sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, sannu da sauka. Labarin aikinka ya riga ka tsallako ruwa, saboda haka ba za mu ɓata maka lokaci da kirari ba. Mun san inda ka sa hannu ba ya zama kufai.

An so a ajiye roƙo sai ƙarshe kamar yadda aka saba, dattawa suka ce a'a, a fara da abin da ke hana mu barci. Teku na cin gaɓarmu. Masallacinmu na dutse, wanda aka gina a 1890 a gindin tudun Kastel, igiyar ruwa ce ke dukan ƙasansa dare da rana, gidajen da ke kusa kuwa katangunsu sai tsagewa suke yi. Muna roƙon a jera mana manyan duwatsu, a ɗaure wannan gaɓa kafin damina.

Garin da muke roƙo dominsa ƙarami ne, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, mu kuma ba mu kai mutum 2,000 ba. Amma Turawan Fotugal sun sauka nan tun 1444, na Holan suka biyo, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe mu a wasu lokuta. Duk sun yi ta kokawa kan wannan ɗan dutse tun babu birnin Dakar, don sai a 1857 aka kafa shi. Ƙanenmu ne. Da ya girma ya janye kasuwa da ofisoshi, aka bar mu da tsofaffin gine-gine. A nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa a 1914. A nan makarantar William Ponty ta zauna daga 1913 har fiye da shekara ashirin, ta koyar da Houphouët-Boigny da Modibo Keita da Diori Hamani, kowannensu ya koma ya shugabanci ƙasarsa. A 1978 UNESCO ta sa mu a rukunin farko na wuraren tarihin duniya.

In an tashi daga nan za mu zaga da kai, kuma da ƙafa, ranka ya daɗe, domin mota ba ta yawo a Gore, ko ta minista. Za mu fara da Gidan Bayi, ka ga ƙuntatattun ɗakunan ƙasa da ƙofar nan mai kallon teku da ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mandela ya tsaya a bakinta, Paparoma John Paul na Biyu ya zo a 1992, Obama a 2013. Kowa ya zo sai ya yi jimami, a ɗauki hoto, jirgi ya mai da shi Dakar cikin kamar minti 20, ruwa kuma ya ci gaba da aikinsa. Daga nan sai ganuwar Estrées mai siffar da'ira, inda gidan tarihi yake, sannan mu hau Kastel ka ga manyan bindigogin da suka rage tun Yaƙin Duniya na Biyu, da masu zane suna baje hotuna a gefen hanya. Lungunanmu na gidaje ja da rawaya, furanni na leƙowa ta kan katanga, su baƙi suka fi ɗauka a hoto. Mai son iyo ga ɗan yashi kusa da inda jirgi ke tsayawa, kuma duk shekara akwai gasar iyo daga Dakar zuwa nan. Wannan dai ba za mu matsa maka ba.

Da abin da baƙi ke kashewa masu jagora da mata masu sayar da tsaraba da masu abinci suke ciyar da gida. Ginin da ya faɗa ruwa ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya zo ganinsa.

Muna da wasu buƙatu, kwasar shara da gyaran tsofaffin gidaje, suna cikin takardar da za mu miƙa. Waɗannan sa jira. Gaɓa ce ba ta jira. An sha zuwa da ma'auni a auna ta, a yi rubuce-rubuce, a tafi. Shi ya sa muka tsara zagayen yau ya ƙare a masallaci daidai lokacin da ruwa ke cika, ka gani da idonka, ka kuma faɗa mana watan da za a kawo duwatsun.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.