Amsoshin Tambayoyinku: Shin Rilen Mota Duk Ɗaya Ne?

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci ya ja, ga kuma wasiƙu jibge a gabana. Injiniya, mu fara da gajeru. Wani direba daga Funtuwa yana tambaya, ko rilen tirela, wato ɗan makunnin nan da ƙaramar wuta ke ja don ya saki babbar wuta, zai yi aiki a ƙaramar mota?

Injiniya: Ba zai yi ba. Na tirela bolt 24 ne, na ƙaramar mota 12. Ka sa na 24 a ƙarama, ba zai ja ba. Ka sa na 12 a tirela, kwayil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, ya ƙone.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce me ya sa fis ke zuwa kala-kala?

Injiniya: Hajiya, a ƙananan fis ɗin roba masu faffaɗan ƙafa biyu, kalar ce ke faɗar ƙarfinsa, ko wane kamfani ya ƙera shi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Masu naɗa waya a gurbin fis kuma, don Allah ku bari. Da haka mota ke kamawa da wuta.

Mai gabatarwa: Kun dai ji. To ga wadda ta fi yawa, har daga Kano da Zariya. Sun ce an gaya musu rile duk ɗaya ne. Wani ya sayo mai ƙafa biyar don fitilun hazo, ya zauna daram a soket, amma fitila ɗaya ta ƙi mutuwa har batir ya sauka kafin asuba.

Injiniya: To, ka ga asalin lambobin nan da ke jikin ƙafafun rile daga Jamus suke, ƙa'idar da ake kira DIN 72552. Ba rile kaɗai ta shafa ba. Lamba 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 jikin mota, 50 kuma ta sitata. Shi ya sa mai rewaya da ya san aikinsa zai karanta zanen Volkswagen da na Mercedes ba tare da ya iya Jamusanci ba...

Mai gabatarwa: Injiniya, bawan Allah yana can da mataccen batir!

Injiniya: Ina zuwa. Juya rilen ka duba gindinsa. Ƙafa 85 da 86 na kwayil ne. Wuta tana shiga ta 30, tana fita ta 87 idan rilen ya ja. Rigimar tana wajen ƙafar tsakiya. A wani rilen 87 ce ta biyu, don ciyar da fitila biyu a tare. A wani kuwa 87a ce, ita kuma tana da wuta ne lokacin da rilen ke hutawa. Shi wannan na biyun ya saya. Shi ya sa in ya kashe, fitila ɗaya ke ci, in ya kunna ta mutu, ɗayar ta kama.

Mai gabatarwa: A maimaita, don masu rubutawa.

Injiniya: 87 da 87, fitila biyu tare. 87 da 87a, ɗaya ta kama ɗaya ta saki. Akwai kuma wanda aka musanya mazaunin 30 da 86, alhali jikinsu iri ɗaya. Sai mai dayod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai: dole wutar batir ta shiga ta 86, in an juya, dayod ɗin ko fis ya tafi. Ƙananan rile kan zo da 1 zuwa 5. 1 da 2 kwayil, 3 ita ce 30, 5 ita ce 87. Ni dai a ganina ƙa'idar ta yi rabin aiki ne, tun da ta bar soket ɗaya yana karɓar abin da ba nasa ba. Don haka ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ka haɗa zanen da ke jikinsu da adadin amfiya. Kada kuma ƙarar "ƙas" ta ruɗe ka. Ba shi wuta a 85 da 86, ka ɗora mita tsakanin 30 da 87, domin bakin da ke haɗa wutar a ciki kan ƙone ya bar ƙarar kawai.

Mai gabatarwa: Saura daƙiƙa talatin. Wani daga Gusau: na'urar binciken mota ɗaya za ta shiga kowace mota?

Injiniya: Soket mai rami 16 da ake jona na'urar wajibi ne a Amurka tun 1996, a Turai kuma 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. A motar da ke da soket ɗin za ta shiga, ta karanta matsalar inji, amma na giya da birki galibi sai babbar na'ura.

Mai gabatarwa: Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.