Lacca: Aron Ganga da Rabon Kuɗin Ƙofa Tsakanin Makaɗan Ayilan

Jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen Jamhuriyar Ayilan sun ɗan haura miliyan 5 ne kawai, kasuwar kiɗa ƙarama ce, shi ya sa makaɗan ƙasar ke rayuwa da aro da ramuwa.

Ku dubi yadda ake haɗa wasan dare ɗaya a Dublin ko Cork. Ƙungiyoyi uku za su kama ɗaki guda. Ɗaya ta kawo manyan ganguna, wata ta kawo amfilifaya. Amma kowane makaɗi shi zai zo da ƙaramar gangarsa, da faya-fayan ƙarfe, da abin takawa, domin su ne ke saurin fashewa, kuma ba a son rigimar wa zai biya. Masu buɗe fage kan samu kamar minti 30, sai minti 10 zuwa 15 na sauya kaya. Kuɗin ƙofa kuwa, sai an sallami mai kula da sauti kafin a raba saura.

Ina ake samun matsala? Idan ƙungiyar farko ta zarce lokacinta, ta ƙarshe ce ke asara, don mai gida ba zai ɗaga lokacin rufewa ba. Mafi muni, ku gama naku ku kwashe kaya ku fice da 'yan kallonku. Ba wanda zai ce muku uffan. Gayyata ce dai ba za ta sake zuwa ba, garin kuma kowa ya san kowa.

Zaman kiɗan gargajiya a mashaya ma haka yake. Wanda ya ɗauko kiɗa shi ke jan gaba, a maimaita kowanne sau biyu ko uku kafin a shiga na gaba. Gangar bodhrán, wato gangar hannu ta gargajiyar Ayilan, ɗaya ta isa. In suka zama biyu, sun danne goge da sarewa. Wanda bai iya kiɗan ba ya ajiye kayansa ya saurara.

A 2021 aka nemi gina otal a mashayar Cobblestone da ke unguwar Smithfield a Dublin, matattarar irin wannan zama. Makaɗa suka fito titi da kayan kiɗansu, aka yi ta shigar da ƙorafi a rubuce, majalisar birnin Dublin ta hana izinin ginin a watan Nuwamba.